In Za Ka Kurmin Wistman, Ka Fara Da Takalmi

Da zarar sanyi ya fara ja da baya a watan Afrilu, 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Ingila kan fara tambayar inda mutum zai je ya sha iska, ya huta da hayaniyar Landan. Ni dai wuri ɗaya nake nuna musu: Dartmoor, a yankin Devon da ke kudu maso yammacin ƙasar, da wani ɗan kurmi da ke tsakiyarsa mai suna Wistman. Sai dai ba na barin kowa ya kama hanya sai na zaunar da shi mun yi magana, domin wurin yana da halinsa, kuma wanda bai san shi ba zai sha wuya a banza.

Bahaushe in ya ji an ce daji, abin da ke faɗo masa a rai ƙaya ce, da zafin rana, da ƙishirwa. Ka bar wannan lissafin a gida. A Dartmoor ruwa ne ke kayar da mutum: wanda ke zubowa daga sama, wanda ke kwance a ƙarƙashin ciyawa, da hazon da ke rufe ido. Wurin wani makeken tudu ne, faɗinsa murabba'in kilomita 954, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1951. Mafi yawansa fili ne fetal, ba itace, sai ciyawa da gajerun tsirrai da tarin duwatsu a kan kowane tsauni, kamar an ɗora su da hannu. Wanda ya taɓa ganin duwatsun Riyom a Filato zai gane irinsu. Ƙololuwar da ta fi tsayi, High Willhays, mita 621 ce kacal, shi ya sa baƙo ke raina wurin. Amma a garin Princetown da ke tsakiyar tudun, ruwan da ke sauka a shekara ya kai wajen milimita 2,000, wato ya ninka na Kano har da ɗoriya, kuma ba shi da damina ba shi da rani.

Saboda haka ka fara da takalmi. Ranar da na fara zuwa, kambas na sa, irin wanda muke yawo da shi a gari. Ban yi tafiyar rabin awa ba na taka wata ciyawa kore shar, mai kyaun gani, ƙafata ta nutse har ƙwauri. Ruwan sanyi ƙarara kamar daga firji. Haka na wuni da jiƙaƙƙiyar safa, yatsuna ba sa ko motsi, duk kyawun wurin ban gan shi ba. Tun daga ranar na riƙe abu biyu. Na farko, a nemi takalmin hawan dutse mai rufe idon sawu wanda ruwa ba ya shiga, ko da na hannu ne, a haɗa da safa mai kauri da wata ta canji a jaka. Na biyu, a wannan tudu inda ciyawa ta fi kore da laushi nan ne damba. Ka bi inda ƙasa ta yi tauri, inda akwai dutse ko sawun mutane. Akwai wata damba a kudancin Princetown mai suna Fox Tor Mire, wadda ake cewa ita marubuci Arthur Conan Doyle ya kwaikwaya a labarinsa na Sherlock Holmes da ya fito a 1902. Ba wurin gwajin baƙo ba ne.

Tufafi kuma a sa su hawa-hawa: 'yar ciki, rigar sanyi, sannan rigar ruwa mai hula a sama, yadda in ka yi gumi za ka rage, in iska ta taso ka mayar. Wandon jins in ya jiƙe ba ya bushewa, sai ya manne a jiki yana zuƙe ɗumi. 'Yan'uwa mata, doguwar riga ko hijabin da ke jan ƙasa zai sha ruwa tun daga bakin hanya. Ya fi sauƙi a sa wando mai kauri a ciki, a ɗora riga mai tsayi zuwa ƙasan gwiwa, a ɗaure mayafi sosai saboda iska. Lema ba ta da amfani a can, iska za ta karya ta.

Zuwa ba shi da wuya. Daga tashar Paddington a Landan jirgin ƙasa na kai mutum Exeter cikin awa biyu da 'yan mintoci, ko ya zarce Plymouth. Matsalar daga nan take farawa, don motocin haya da ke hawa tudun kaɗan ne, musamman lokacin sanyi. In kuna da yawa ku haɗa kuɗi ku ɗauki hayar mota. In bas za ku bi, ku san lokacin ta ƙarshe kafin ku bar gida. Direba ya kiyaye: gudu a hanyoyin tudun ba ya wuce mil 40 a awa, saboda tumaki da dawaki na kwanciya a kan kwalta yadda suka ga dama.

Inda za ku nufa sunansa Two Bridges, ba nisa da Princetown. Akwai ɗan wurin ajiye motoci daura da otal ɗin da ke wurin, kuma yana cika da wuri, sai a yi sammako. Daga nan hanya ta miƙa arewa, ta wuce wani gidan gona, ta bi gefen kwarin kogin West Dart. Tafiyar kamar kilomita biyu ce, amma da duwatsu da taɓo ka ba ta minti arba'in. A hannun dama akwai tsaunin Crockern, inda wakilan masu haƙar kuza na Devon suka riƙa zaman majalisarsu a fili ƙarnoni da suka wuce.

Sai kurmin. Daga nesa za ka hango shi kamar wani ɗan tabo a jikin gangare, har ka ce wannan ne aka taso mu dominsa? Faɗinsa duka bai fi hekta uku da rabi ba. Ka daure ka matsa kusa. Itatuwan oak ne, waɗanda a wasu wuraren Ingila sukan yi girma kamar kuka, amma a nan, a tudu mai tsayin kusan mita 400, iska da sanyi sun tsugunar da su. Sun karkace, sun lanƙwashe, rassansu na jan ciki a kan duwatsu. Gansakuka ta lulluɓe komai, dutse da gindi da reshe, kauri kamar darduma, har ba ka gane inda dutse ya ƙare itace ya fara. Daga rassan wasu tsirrai masu launin toka na reto kamar gemun tsoho, wasu ganyaye kuma sun tsiro a kan reshen kansa, ba su taɓa ƙasa ba. In ka yi shiru za ka ji ɗigar ruwa ta ko'ina. Duwatsun nan su suka ceci kurmin: tumaki ba sa iya kutsawa tsakaninsu su cinye 'yan tsiro, masu sare itace ma ba su ga riba ba. Shi ya sa ya rage, shi da wasu biyu irinsa a Dartmoor, Black-a-Tor Copse da Piles Copse, ragowar dajin da ya taɓa rufe tudun dubban shekaru da suka wuce.

Roƙona a nan shi ne kada ka shiga ciki. Ka tsaya daga baki, ka zagaya ta hanyar da ke gefe, za ka ga duk abin da ka zo gani. Masu kula da wurin ma abin da suke roƙo ke nan. Gansakukar da ka ga ta yi kauri shekaru masu yawa ta ɗauka, taku ɗaya kuma ke ɗaye ta daga dutse. Na ga masu hawa reshe don ɗaukar hoto, na ga mai cusa gansakuka a leda zai kai gida, raina ya ɓaci ƙwarai. Filin mallakar masarautar Cornwall ne, wadda Yarima William ke riƙe da ita, kuma a 2023 aka sanar da shirin ninka girman kurmin nan da 2040, ta hanyar tsince 'ya'yan itatuwan a raine su a dasa a gefe. Masu wannan aikin ba za su ga itatuwan sun girma ba. Kai da ka zo na wuni ɗaya, kada ka rage musu.

In kana da sauran ƙarfi, ka hau tudun da ke bayan kurmin zuwa duwatsun Longaford. Daga can za ka ga sarari ta kowace kusurwa, kuma a watan Agusta zuwa Satumba tuddan kan rine da furanni ruwan hoda da ɗorawa. Amma ka san ka shiga inda hazo ke da iko. Gari na iya kasancewa garau, cikin minti goma ka kasa ganin abokinka da ke gabanka. Kada ka dogara da waya kaɗai, sabis na ɗaukewa, sanyi kuma na shanye batir. Ka sayi taswirar Ordnance Survey mai lamba OL28, ka riƙe kamfas, ka koyi amfani da su tun a gida. Ka duba hasashen yanayi da safe, ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. In hazo ya rufe ka, ka koma ta inda ka fito, kada ka yanke. Kogi in ya cika kada ka tsallaka, ko da ɗazu ka tsallake shi da sauƙi. In abu ya ɓaci, ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce musu masu ceto na kan dutse kake buƙata. Sannan arewacin tudun sojoji na atisayen harbi a wurare uku, Okehampton da Merrivale da Willsworthy, kuma iyakar na Merrivale ba ta da nisa da kurmin. An kafa turaku masu ja da fari a kan iyaka. In ka ga jar tuta da rana ko jar fitila da dare, kada ka ƙetare. Ana wallafa ranakun harbin a intanet.

Wasu kan ji nauyin shiga fili da ba nasu ba, balle in suka duba ba su ga baƙar fata ko ɗaya ba. Ka saki jikinka. Wata doka ta 1985 ta ba kowa damar yawo da ƙafa a makiyayar Dartmoor, kai ma kana ciki. Wanda ka haɗu da shi a hanya zai gaishe ka, ka amsa da fara'a, mutanen karkara ba kamar na Landan ba ne. Abin da ake nema gare ka kaɗan ne: ƙyauren gona ka bar shi yadda ka same shi, kada ka hura wuta, shararka ta koma jakarka. Ƙananan dawakin nan, ƙuru-ƙuru da su, kowanne da mai shi, kuma an hana ba su abinci, domin yana sa su saba da bakin titi mota ta buge su, ga cizo ga harbi. Saniya mai ɗan maraƙi a ba ta hanya. Karnuka kuwa za ka gamu da su da yawa. In ɗaya ya nufo ka, ka tsaya cak, kada ka gudu, mai shi zai kira shi. Maciji mai dafi iri ɗaya ne a duk Birtaniya, yana da zane baƙi mai lanƙwasa a gadon baya, yakan sha hantsi a kan duwatsu, kuma gudun mutum yake yi. Kada dai ka zura hannu a rami.

Batun salla kuwa, ka yi alwala kafin ka fito, ka riƙe 'yar shimfiɗa mai leda a ƙasa, don ba za ka sami busasshen wuri ba. Alƙibla na gabas ne ta ɗan karkata kudu, kamfas ɗinka zai nuna maka. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu suke, don haka wanda bai saba ba ya bari sai tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da yini ke da tsawo. Guzuri ka taho da abinka: shayi mai zafi a filas, dabino, gyaɗa, burodi. A kan tudun ba shago.

In ka je a watan Mayu, ka kasa kunne. Akwai tsuntsun da ke kuka sau biyu-biyu, ku-ku, ku-ku, daga cikin kwari. Masana da suka maƙala wa irinsa na'ura sun gano cewa a dazukan Kwango yake cin lokacin sanyi, kuma yana ratsa Sahara da Afirka ta Yamma a tafiyarsa. Ranar da na fara jin sa a gefen Wistman na daɗe a tsaye, ina tunanin wataƙila ya bi ta saman garinmu kafin ya iso.

Da ka koma masauki, kafin ka kwanta, ka duba jikinka da kyau: bayan gwiwa, ƙugu, hammata, bayan kunne, yara kuma har cikin gashi. Kaska na da yawa a inda tumaki ke kiwo, wata ƙanƙanuwa kamar ƙwayar riɗi, kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. In ka same ta, ka kama ta da matsefata dab da fata, ka ja a hankali ba tare da matse cikinta ba, ka wanke wurin. In bayan kwanaki ko makonni ka ga wani jan zobe yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka ga likita ka gaya masa inda ka je. Takalmin kuma kada ka ɗora shi a kan hita, fatar za ta tsage. Ka cusa masa tsohuwar jarida, ka bar shi ya bushe da kansa.