Amsoshin Tambayoyinku: Wace Sufana Zan Saya?

Wani mai sauraronmu daga Zariya, wanda bai daɗe da kammala koyon gyaran babur ba, yana tambaya: tsakanin Stanley da Ingco da Total, kayan aikin wane kamfani ne suka ci kuɗinsu?

To Malam, Allah ya sanya albarka a sana'a. Stanley na Amurka ne, ya haɗe da Black & Decker a 2010, kuma galibi ya fi sauran biyun tsada. Ingco da Total daga Sin suke, sun cika kasuwa saboda sauƙin farashi, kuma ba laifi, suna aiki. Sai dai kada suna ya ruɗe ka, domin jabun Stanley ba ya wuyar samu.

In za ka kasuwa, saka noti a aljihu, mai lamba 10 ko 12, tunda su ka fi kwancewa. Ɗora sufanar a kansa. In tana girgiɗi, mayar wa mai shago abarsa, ko da an buga Cr-V a jikinta, wato ƙarfe mai haɗin kuromiyam da banadiyam. Irinta ce ke cinye kan noti, a bar ka da dukansa da guduma mai babur yana tsaye. Filaya kuwa, rufe bakinta ka ɗaga sama. In haske ya ratsa wurin yankan waya, ba ta yi ba.

A ganina, zuba kuɗinka a sufana da sukudireba, ka sayi Stanley na asali in aljihu ya yarda. Guduma dai, ta Ingco ma ta wadatar.