Maganin Atishawa da Borin Jini: Ko Akwai Illa a Shansa Kullum?

Da zarar iskar hunturu ta kaɗo, hazo ya rufe gari, sai ciniki ya buɗe wa masu kemis. Wannan yana atishawa ba ƙaƙƙautawa, wancan idanunsa sun kaɗa sun yi ja suna zubar da hawaye, wata kuma jikinta ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini. Kowa aka miƙa masa 'yar ƙwaya ya sha, ya sami sauƙi, in ƙura ta lafa ya manta da zancen. Amma akwai waɗanda nasu ciwon bai san rani ba, bai san damina ba. In ba su sha ƙwayar nan yau ba, gobe ba su da sukuni. Saboda su aka rubuta wannan takarda, domin tambayar da ke ransu ita ce: mutumin da ya shekara biyu, ko biyar, ko goma yana shan maganin nan kowace rana, shin ba ya yi wa kansa lahani?

To, jama'a, ba a amsa wannan tambaya sai an san wace ƙwaya ake nufi. Magungunan nan gida biyu ne, akwai tsofaffi akwai sababbi, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A cikin fatar ɗan Adam da hancinsa da idanunsa da hanyoyin numfashinsa akwai wani sinadari da ake kira histamin, wanda jiki yake ajiyewa don kare kansa. Masana biyu a Landan, Henry Dale da Patrick Laidlaw, su ne suka bayyana yadda yake aiki a shekarar 1910. In ya fito, ƙananan jijiyoyin jini sukan buɗe, ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura ya yi ja, ƙaiƙayi ya taso, majina ta zubo.

Ga yawancin mutane wannan ba ya faruwa sai da dalili. Amma wani jikinsa kamar gida ne mai firgitaccen mai gadi, wanda ko almajiri ya yi sallama sai ya kwarara ihun ɓarawo, ya tashi unguwa duka. Ƙura, bununin hatsi, gashin kyanwa, kashin kyankyaso, ƙananan ƙwarin katifa da ido ba ya gani, wani lokaci gyaɗa ko kifi ko ƙwai, duk sukan sa jikinsa ya saki histamin alhali babu wata cuta da ta shigo.

Aikin maganin shi ne ya tare wuraren da histamin yake sauka, ya hana shi yin ɓarna. Ku lura da kyau: ba ya canza halin jikin. Da ƙarfinsa ya ƙare, in abin da jikin ya ƙi yana nan, ciwo zai dawo. Saboda haka dawowar atishawa bayan an daina sha ba alama ce ta cewa mutum ya kamu da jarabar ƙwaya ba. Ciwon ne dama bai tafi ba.

Tsofaffin ƙwayoyi

Wani masani mai suna Daniel Bovet, yana aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, shi da abokiyar aikinsa Anne-Marie Staub suka fara gano sinadarin da ke tare histamin a 1937. An ba Bovet kyautar Nobel a 1957. Daga nan aka shiga ƙera ire-irensa: difenhaidiramin, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1946 da sunan Benadryl, da firometazin, watau Phenergan, da kilofeniramin, watau Piriton ɗin nan da kowa ya sani. Sun yi wa duniya aiki, ga su da araha, har gobe likita yakan rubuta su don buƙatar kwana ɗaya ko biyu. Amma ba na shan kullum ba ne, ga kuma dalili.

Waɗannan ƙwayoyi suna ratsawa daga jini su shiga ƙwaƙwalwa. A can kuwa histamin yana da wani aiki dabam, shi ne yake taimakon mutum ya kasance a farke, hankalinsa a tare. In aka tare shi sai gyangyaɗi da kasala da nauyin kai. Abin tsoron ma shi ne mutum yakan ji kamar garau yake alhali hannunsa da idonsa sun yi sanyi. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka suka sa mutum 40 tuƙi a cikin na'urar gwajin tuƙi. Suka tarar wanda ya sha miligiram 50 na difenhaidiramin tuƙinsa ya fi lalacewa bisa na wanda ya sha giya har ya kai ma'aunin da doka ta hana tuƙi. Direban da zai ɗauki fasinja daga Kano zuwa Legas, da mai a-daidaita-sahu, da ɗan acaɓa, da mai injin markaɗe, da magini a kan bene, kowa ya riƙe wannan.

Ban da barci, suna kuma tare wani sinadari da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, wanda ake kira asitilkolin. Daga nan ne bushewar baki take zuwa, da taurin bayan gida, da gani dishi-dishi, da raguwar zufa, wadda ba ƙaramar magana ba ce ga mai aiki cikin ranar bazara. Dattijon da wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara ta kumbura masa, fitsari yana iya tsaya masa cik, sai an kai shi asibiti an sa roba. Mai wani nau'i na hawan jinin ido ciwonsa yana iya tashi farat ɗaya. Tsoho kuwa yakan ruɗe, ko jiri ya kwashe shi ya faɗi ya karye. Shi ya sa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sa waɗannan magunguna cikin jerin waɗanda ya kamata mai shekara 65 zuwa sama ya ƙaurace musu.

Akwai kuma zancen gigin tsufa, wanda ya tayar wa mutane da yawa hankali. A 2015 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Seattle ta Amurka, inda aka bi mutum 3,434 masu shekara 65 zuwa sama, har fiye da shekara bakwai. Waɗanda suka fi kowa shan magunguna masu tare asitilkolin, misalin kullum har fiye da shekara uku, haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa ya ɗara na waɗanda ba su sha ba da kashi 54 cikin ɗari. A yi adalci: binciken ya haɗa da wasu magungunan damuwa da na mafitsara, kuma ya nuna tafiyar abu biyu tare ne, bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Duk da haka, tun da akwai madadi, ba mu ga hikimar da dattijo zai yi ta shan Piriton kowane dare ba.

Kowane dare muka ce, don mun san da yawa ba don mura suke sha ba, don barci ne. Wannan kuwa asara ce biyu, domin cikin 'yan kwanaki jiki yakan saba, barcin ya daina zuwa, a shiga ƙara yawan ƙwaya. Mafi muni ita ce uwar da za ta ɗura wa jinjiri Phenergan don ya yi shiru ta sami damar aiki ko zuwa biki. An hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba wannan magani, saboda yana iya danne numfashinsa har ya mutu cikin barci. Iyaye mata da kakanni, don Allah a kiyaye.

Sababbin ƙwayoyi

A shekarun 1980 aka fito da wasu waɗanda ba sa shiga ƙwaƙwalwa sai kaɗan. Farkonsu bai zo da sa'a ba. Tafenadin, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1985, an gano yana hargitsa bugun zuciya, musamman in an haɗa shi da eritiromaisin ko ketokonazol, aka janye shi a 1998. Ɗan'uwansa astemizol ya bi shi a 1999. Amfanin wannan tarihi shi ne, tun daga lokacin ake tsananta gwajin duk wani sabon maganin histamin a kan zuciya kafin a sake shi.

Waɗanda suka tsallake su ne ake sha yau: setirizin, watau Zyrtec, da ya fito a 1987, da loratadin, watau Clarityne, da feksofenadin, watau Telfast, da ya fito a 1996, sai 'yan'uwansu lebosetirizin da desloratadin. Sau ɗaya ake shansu a yini. Setirizin da loratadin miligiram 10 ne ga babba. Yau shekara talatin da wani abu miliyoyin mutane suna shansu, wasu kullum, kuma ba a san su da lalata hanta ko ƙoda ko zuciyar mai lafiya ba in an tsaya a kan ƙa'ida. Ba sa sa maye, ƙarfinsu kuma ba ya dushewa don an daɗe ana sha. Mai borin jinin da ya wuce mako shida yana tashi yana kwanciya, likitocin fata su da kansu sukan ce ya sha kullum kada ya jira sai ya taso, wani lokaci ma su ninka masa har sau huɗu. Amma ninkin nan aikin likita ne, ba na mai kemis ba, ba kuma na maƙwabci ba.

Saboda haka wanda likita ya ɗora a kan ɗaya daga cikin waɗannan ya kwantar da hankalinsa. Sai dai ya san 'yan abubuwa. Setirizin yakan sa wasu gyangyaɗi duk da sabuntarsa, wanda ya ga haka ya mai da shansa dare, ko ya koma loratadin ko feksofenadin. Ta ƙoda setirizin yake fita, don haka mai ciwon ƙoda sai an rage masa. Feksofenadin da ruwa ake shansa, ruwan lemo yana rage shigarsa jini. Mai ciki da mai shayarwa su tambaya a asibitin awo tukuna, ko da yake loratadin da setirizin su aka fi zaɓar musu. Sannan a 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu ƙalilan da suka yi watanni ko shekaru suna shan setirizin ko lebosetirizin sukan gamu da matsanancin ƙaiƙayi 'yan kwanaki bayan sun daina. Wanda ya daɗe yana sha, in zai bari, ya yi shawara da likita kan yadda zai sauka.

Inda haɗarin ya fi ɓuya

A ƙasarmu, mu a ganinmu, babbar matsala ba ƙwayar histamin ita kaɗai ba ce, abin da ake haɗa ta da shi ne. Mutum ya je kemis ya ce a yi masa haɗi, a ɓallo ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi dabam-dabam a ƙulle masa a leda, ba kwali ba suna. Sau da yawa a ciki akwai sitiroyid, irin su deksametazon ko firedinisolon. Akwai ma ƙwayar da tun daga kamfani a haɗe take, kamar Celestamine. Sitiroyid yana kashe ƙaiƙayi da kumburi nan take, shi ya sa mai ciwo yake yabon mai kemis. Amma shansa wata da watanni yana kumbura fuska, ya kawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi, ya karya garkuwar jiki, kuma wanda ya daɗe a kai in ya yanke shi rana ɗaya yana iya galabaita ƙwarai.

Haka nan sifroheftadin, tsohon maganin histamin ne mai buɗe ciki, shi ne wasu 'yan mata da amare suke sha don su yi ƙiba, sau da yawa tare da deksametazon, abin da ake kira sha-ka-fashe. Duk illolin da muka lissafa na tsofaffin ƙwayoyi da na sitiroyid suna tattare a wannan haɗi. Magungunan mura kuma na kwalba da na ƙwaya da yawa suna ɗauke da sinadarin buɗe hanci mai ɗaga hawan jini da sa faɗuwar gaba, ba a yi su don shan kullum ba. Na ɗigawa a hanci irin su Otrivin in aka wuce mako ɗaya ana sawa, hancin yakan ƙara toshewa fiye da da.

Don haka a sayi magani a cikin kwalinsa, a duba sunan sinadarin da lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Wanda bai iya karatun boko ba ya ba ɗansa ko ma'aikacin lafiya ya duba masa.

A san ciwon tukuna

Ba kowane ƙaiƙayi ne borin jini ba. In gida duka ana susa, musamman da dare, a tsakanin yatsu da mara, to ƙazuwa ce, maganinta na shafawa ne da wanke tufafi da shimfiɗa, ko an shekara ana shan ƙwaya ba za ta tafi ba. Ƙaiƙayin da ba ƙurji, tare da rama ko idanu sun yi ɗorawa ko ƙafa ta kumbura, yana iya zama saƙo daga hanta ko ƙoda. Mai tarin dare da numfashi mai shewa kuwa fuka ce ke damunsa, maganin histamin ba ya buɗe ƙirji, abin shaƙa yake buƙata. Wanda toshewar hanci ta fi damunsa, maganin fesawa a hanci da likita zai rubuta ya fi ƙwaya aiki, sitiroyid ɗin da ke cikinsa kuma kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini, ba kamar na haɗiya ba.

Rage abin da jiki ya ƙi yana rage buƙatar magani. A yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa da matashi a rana, a yi maganin kyankyaso, a rufe hanci da takunkumi ko amawali ranar da ƙura ta yi yawa da lokacin sussuka, a rage turaren wuta da hayaƙin maganin sauro a ɗakin da ba taga. Mai shan ƙwaya kullum ya riƙa komawa asibiti ko sau ɗaya a shekara, da kwalayen duk magungunan da yake sha a hannunsa, a duba ko har yanzu yana buƙata, domin borin jini yakan lafa da kansa bayan wani lokaci.

Amma in mutum ya ci wani abu, ko zuma ta harbe shi, ko aka yi masa allura, sai leɓɓansa da harshensa suka kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, jiri ya kama shi, kada a tsaya neman Piriton, kada kuma a ce bari a ga abin da hali zai yi. Allurar adirenalin ce maganin wannan, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take.