Darasi Ga Jam'iyyun Gama Kai: Yadda Za A Zaɓi Motar Kaya

Kowace shekara idan kaka ta yi, ko tumatirin rani ya nuna a bakin kogin Wudil, maganar sayen mota takan taso a taron jam'iyya. Dalili kuwa a fili yake. Kuɗin haya yana cinye ribar manomi, balle tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Amma mota ita ce abu mafi tsada da yawancin jam'iyyunmu za su taɓa saya. Idan aka yi kuskure, gumin mutum talatin ko arba'in ne zai salwanta. Saboda haka bari mu bi maganar daki-daki.

1. Ku fara da kaya

Kafin ku je kallon mota, magatakarda ya rubuta amsar tambayoyi uku. Me za mu ɗauka? Ina za mu kai? Sau nawa a shekara?

Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne, a kan kwalta. Mai kai kayan miya Yankaba, ko hatsi Dawanau, zai je ya komo a yini ɗaya. Amma hanyar da ke tsakanin gona da kwalta ita ce mai kashe mota: rairayi da rani, taɓo da damina. Ku kuma lissafta watannin da babu amfanin gona. Motar da ta yi aiki wata huɗu ta kwanta wata takwas, haya ta fi ta sauƙi, sai fa in za ta sami lodin taki, da na 'yan kasuwa ran Juma'a da kasuwar Wudil ke ci.

2. Nauyin da za ta iya

Kada faɗin cikin mota ya ruɗe ku. Akwai ɗan ƙarfe ko takarda da kamfani ke mannawa, galibi a jikin ƙofa ko kusa da inji, mai nuna iyakar nauyin mota tare da kayanta. A manyan motocin nan masu rufi, sau da yawa kilo 3,500 ne. Ga misali: idan motar ita kaɗai kilo 2,100 ce, saura 1,400. A cire 200 domin direba da yaronsa da mai, saura 1,200. Ashe buhun masara 12 ke nan mai kilo 100, ko da wurin zai ci 20. Wanda ya ɗora 20 zai biya a wajen sifirin da taya da birki.

Mota mai rufi tana tsare hatsi da taki daga ruwan sama da ɓarayi. Amma tumatir yakan dahu a cikinta in babu iska, don haka a yi lodinsa da yamma ko da asuba. Ba a kuma yi ta domin shanu ba. Jam'iyyar da aikinta dabbobi ne ta nemi Kanta ko wata buɗaɗɗiyar mota.

3. Ire-iren da ke kasuwa

Peugeot J5: an ƙera ta daga 1981, Boxer ta gaje ta a 1994. Cikinta da faɗi, gindinta a ƙasa, lodi ba wuya, bakanikai kuma sun san ta. Sai dai ko wadda ta fi ƙuruciya ta haura shekara 30. Da ƙafafun gaba take ja, don haka in an danne bayanta da kaya takan yi santsi a rairayi.

Toyota Hiace: da ƙafafun baya take turawa, tana da jimiri, kayan gyaranta ba sa wuya, in an tashi sayarwa kuma ba ta faɗuwa ƙwarai. Amma tana da tsada, cikinta kuma bai kai na J5 ba.

Ford Transit da Mercedes Sprinter: suna da tsawo da ƙarfin lodi. Na baya-bayan nan kwamfuta ke sarrafa injinsu, sai bakanike mai na'ura zai gane ciwonsu, kuma ba sa jure gurɓataccen mai.

Ga ka'ida: ku sayi motar da bakaniken Wudil zai iya gyarawa, wadda za a sami kayanta a Ƙofar Ruwa a yini guda. Injin gas ya fi tsimin mai da ƙarfin ja, na fetur kuwa ya fi sauƙin gyara. Ku tambayi kuɗin lita na kowanne a ranar da kuke lissafi.

4. Ranar dubawa

Gani ya kori ji. Mutum uku su je: ma'aji, da direban da zai riƙe motar, da bakaniken da ku kuka ɗauko, ba na dillali ba.

(a) A tayar da inji da sanyin safe. Shuɗin hayaƙi alama ce yana shan baƙin mai.
(b) A shiga ƙarƙashi a duba shasi, ko akwai tsatsa ko walda.
(c) A karanta lambobi huɗu na jikin taya. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya takan fashe ko da zanenta bai cinye ba.
(d) A gwada ta da kaya a ciki, a ji giya da birki.
(e) Lambar shasi ta dace da ta takardun kwastan da na mallaka. Kada ku karɓi wadda aka juya wa sitiyari. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarin hagu ne ka'ida.

Araha ba ta ado. Sayen nagari kuwa mai da kuɗi gida ne.

5. Bayan an saya

A rubuta motar da sunan jam'iyya, ba da sunan shugaba ba. A yi inshora, a sabunta takardu a kan kari, domin 'yan KAROTA da na hukumar kiyaye haɗura ba sa karɓar uzuri. Kada a zuba duk kuɗin asusu a wajen saye. A bar na taya da gyaran farko. A ajiye littafi a mota: kwanan wata, inda aka je, man da aka sha, kuɗin da aka karɓa. Kowane ɗan jam'iyya ya biya kuɗin ɗaukar kayansa, har shugaba. Daga kowace tafiya a ware kaso domin gyara, da na sayen wata in wannan ta tsufa. Jam'iyyu da yawa ba inji ne ya raba su ba, rashin littafi ne.

Tambayoyi domin taronku na gaba

1. Nawa muka kashe a haya bara, kuma sau nawa muka ɗauki mota?
2. Wane aiki motar za ta yi a watannin da babu girbi?
3. Wa zai riƙe makulli, wa kuma zai duba littafi kowane wata?