Yadda Ake Ɗinka Bargon Ƙyallaye Irin Na Matan Siddi

Duk telar da ta taɓa harhaɗa ƙyallaye ta san hanyar da aka saba: a yanka su daidai wa daida, a jona a keke, a samu fuska guda, sannan a nemo abin da za a sa a baya. Matan Siddi na ƙasar Indiya ba haka suke yi ba. Nasu bargon, kawandi, ba ya buƙatar keke ko abin awo. Daga bakin bargo ake farawa, a riƙa zagayawa ana matsowa ciki har a rufe tsakiya, kuma ɗinkin da ya kama ƙyalle shi ne dai ya haɗa shi da bayan bargon.

Siddi jikokin 'yan Afirka ne da aka kai Indiya ɗaruruwan shekaru da suka wuce, wasunsu ta hannun Turawan Fotugal da ke mulkin Gowa. Masu wannan ɗinki suna zaune ne a ƙauyukan gundumar Uttara Kannada ta jihar Karnataka. A 2004 masanin tarihin fasaha Henry Drewal, na Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, ya taimaka aka kafa musu ƙungiyar gama-kai, a 2011 kuma aka baje kolin bargunansu a Cibiyar Schomburg da ke birnin New York. Tun daga nan masu ɗinki a ƙasashe da dama suka shiga gwada salon. Ga mai tarin ragowar atamfa bayan ɗinkin Sallah, ga yadda aikin yake.

Kayan aiki

Ana buƙatar tsohon zani na auduga wanda ya sha wanki ya yi laushi, domin ya zama baya. Matan Siddi tsohon sari suke sawa. Sai wani yadi maras kauri da za a shimfiɗa a tsakiya, da ƙyallaye, da almakashi, da doguwar allura mai kaifi, da farin zare na auduga mai ɗan kauri. Mai koyo ta fara da ƙarami, kamar santimita 40 tsawo da faɗi, wanda zai isa shimfiɗar kujera.

Mataki na 1: tace ƙyallaye

A ware na auduga zalla. Leshi da yadin roba suna zamewa a ƙarƙashin allura, shadda mai sitaci kuma tana gajiyar da yatsu kafin a je ko'ina. A jiƙa ƙyallayen a ruwa, masu duhu daban, masu haske daban, domin a gano wanda yake zuba tun kafin ya ɓata farin zare. Idan sun bushe a goge su. Ba sai an daidaita girmansu ba, amma masu kusurwa huɗu sun fi daɗin aiki.

Mataki na 2: shimfiɗa baya

A shimfiɗa zanin a kife, fuskarsa na kallon ƙasa. A ɗora yadin tsakiya a kai, wanda aka rage masa kamar santimita 1 ta kowane gefe. Sai a naɗo bakin zanin ya hau kansa, a danne da farce ko dutsen guga. Idan bargon babba ne, a yi masa 'yan manyan ɗinkuna na wucin gadi don kada ya karkace, daga baya a zare su.

Mataki na 3: furannin kusurwa

A yanka ƙananan ƙyallaye huɗu masu murabba'i, a ninka kowanne sau biyu ya koma mai kusurwa uku. Za a soka ɗaya a kowace kusurwa, tsininsa a ciki, faɗinsa na leƙowa waje. Matan Siddi suna kiransu fula, kuma a wurinsu bargon da babu su bai kammala ba.

Mataki na 4: zagayen farko

Nan ne hannu yake fara koyon sabon abu. A ɗauki ƙyalle na farko, a kalmashe gefen da zai hau bakin bargo da wanda zai fito fili, a ɗora shi a kusurwa ya danne gindin furen. Gefen da ke kallon tsakiya a bar shi haka nan, domin wani ƙyallen zai zo ya rufe shi. A soka allura daf da baki, ta shiga ta fita, ta shiga ta fita, tana ratsa ƙyalle da yadin tsakiya da zani gaba ɗaya. Gwanaye sukan tara ɗinki uku ko huɗu a jikin allura kafin su ja zare.

Idan allura ta kusa ƙarshen ƙyallen, sai a ɗauko na biyu, a kalmashe shi, a ɗora ya hau kan na farko da faɗin yatsa guda, a ci gaba da ɗinki. Haka za a yi ta yi har a dawo inda aka fara. Ba a jera ƙyallaye tun da wuri. Sai allura ta iso ake zaɓar wanda zai biyo baya, shi ya sa ba a samun kawandi biyu iri ɗaya.

Mataki na 5: matsowa ciki

Layi na biyu yana bin na farko, da tazarar da ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba. Ana zagayawa ta fuska guda, ana juya bargon a cinya duk lokacin da aka kai kusurwa. Da zarar layin ɗinki ya kusa gefen da ba a kalmashe ba, lokacin sabon ƙyalle ya yi: a kalmashe bakinsa, a rufe wancan gefen da shi, a tabbata layin da ke tafe ya taka kan kalmasar.

Abubuwa biyu ne suka fi ba masu koyo matsala. Na farko jan zare da ƙarfi, wanda ke sa bargo ya tattare ya yi tudu a tsakiya. Maganinsa shi ne a shimfiɗa aikin a tabarma bayan kowane zagaye, a shafe shi da tafin hannu daga baki zuwa ciki. Na biyu kalmasar da ta faɗa tsakanin layi biyu, ta tashi tsaye. Ita kuwa sai a danne ta da ƙananan ɗinkuna biyu ko uku.

Guntayen da ba su kai girman akwatin ashana ba su ma suna da amfani. A kalmashe gefensu huɗu, a ɗora su a kan ƙyalle mai launi ɗaya, layin ɗinki ya bi ta kansu. Wannan ado shi matan Siddi ke kira tikeli, kuma ja ko rawaya a kan baƙi yana fitowa ƙwarai.

Mataki na 6: rufe tsakiya

A ƙarshe fili kaɗan zai rage. A zaɓi ƙyallen da ya fi filin girma, a kalmashe dukkan gefensa huɗu, a rufe, a ci gaba da zagayawa har layukan su haɗu a tsakiya. Wasu matan Siddi sukan zuba 'yan ƙwayoyin shinkafa a ƙarƙashin wannan ƙyalle na ƙarshe, da fatan albarka ga wanda zai lulluɓa da shi. A ƙulla zaren, a ja ƙullin ya ɓuya tsakanin yadi.

Wankin farko a yi shi da hannu a ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Bargon zai ɗan tsuke, layukan ɗinki su fito sosai. Wadda ta gama ƙaramin tana iya wucewa zuwa na jariri, kamar santimita 90 da 120. Idan na hunturu ake so, sai a ninka yadin tsakiya biyu, a kuma ɗan rage tazarar layukan domin ya riƙe nauyinsa.