Darasin Turanci na wannan Juma'a: "charm", kalma mai fuska biyu

Kalmarmu ta wannan mako ita ce "charm", ana furta ta kusan kamar "caam". Muna yawan jin ta wajen cinikin citta, a nan Kagarko da kasuwannin Kachia, Kwoi da Kafanchan, inda Turanci ke haɗa mu da masu saye daga Kudu. Mun zaɓe ta ne domin tana iya zama yabo, tana kuma iya jawo rigima.

A Turancin makaranta, "to charm" na nufin ka burge mutum, ka ja hankalinsa da fara'a da iya magana har ka shiga ransa. Aikatau ne da ake ambaton wanda aka yi wa. Misali, "She charmed the guests", wato ta burge baƙin. In an ce mutum "charming" ne, ana nufin mai farin jini.

Amma kalmar tana da wata fuska. Ta shigo Turanci ta Faransanci, daga kalmar Latin "carmen", wadda ke nufin waƙa, tana kuma nufin surkulle. Shi ya sa har yau Bature ke kiran laya "charm". A Turancinmu na Najeriya kuwa, wannan ma'anar ce ta fi ƙarfi. In ka ji an ce "They charmed him", ba burge shi aka yi ba, asiri aka yi masa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ɗan uwa ya so yabon maƙwabcinsa na rumfa, sai ya ce "He charms his customers". Wanda ya yi boko mai zurfi zai ji yabo, na kusa da shi kuwa zai ji an ce mutumin yana da maganin kasuwa. Mu da muke zaune da maƙwabta Koro da Gbagyi da sauran jama'a, mun san zargin asiri ba abin wasa ba ne, yana raba abokan ciniki na shekaru. Don haka a kasuwa mu yi amfani da "impress", burgewa, ko "attract", jawo hankali. Babu mai yi musu mummunar fassara.

Sauran kalmomin burgewa ma haka asalinsu yake. "Captivate" dangin "captive" ce, wato kamamme. "Mesmerize" kuma daga sunan Mesmer, wani likita Bajamushe da ya rasu a 1815, wanda ya yi suna wajen gusar da hankalin majinyata. Mu ma ai mukan ce wane ya sace zuciyar wance.

Addininmu ya riga ya nuna mana wannan kusanci. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wasu mutum biyu sun zo daga gabas suka yi jawabi, jama'a suka yi mamakin fasaharsu, sai Manzon Allah (SAW) ya kamanta wani sashen fasahar magana da sihiri. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya barrantar da kansa daga mai algus.

Ke nan fara'a da daɗin baki halal ne, matuƙar cittar da ke bakin buhu ita ce a gindinsa. In muka lulluɓe mai saye da zaƙin baki don kada ya zazzage buhun ya ga ɗanya a ƙasa, to mun bar ma'ana ta farko mun faɗa ta biyu, ko da ba mu taɓa zuwa wajen boka ba.

Aikin gida: iyaye su sa yara su rubuta jimla ɗaya da "charm", ɗaya da "impress", su fassara su da Hausa. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.