Yadda Ake Dafa Miyar Wake Mai Kauri a Kwandon Ƙaiƙayi

A ƙasar Damargu wake ba ya wuya, itace ne ke wuya. Daga Gangara har Tanut da Belbeji, da ƙyar za a ga gonar hatsi da ba a shuka wake a tsakaninta ba, kuma a duniya Nijeriya ce kaɗai ke gaban Nijar wajen noman irin wannan wake namu. Manyan motoci na kwasarsa zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, harawarsa na ƙosar da raguna. Amma in aka zo girki sai uwargida ta tsaya lissafi, domin tukunyar wake tana cin itace da kara ba kaɗan ba. Daga nan sai a koma ga kanwa, a jefa mai yawa don ya nuna da wuri, miya ta fito da duhu da ɗan bauri, yara su ci kaɗan su ture kwano.

Akwai hanyar da ta fi wannan. Muddin wake ya tafasa sosai sau ɗaya, abin da ya rage masa shi ne ya daɗe cikin zafi, ko da babu harshen wuta a ƙarƙashinsa. A kan wannan aka gina tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali da ake ji da ita a Amurka. Wani mai ƙere-ƙere a birnin Shikago, Irving Naxon, ya sami rajistar ƙirarta a 1940, kuma don wake ya yi ta: ya ji labari a gida yadda Yahudawan Lituweniya ke kai tukunyar wake da nama gidan mai burodi ranar Juma'a da yamma, ta kwana cikin ragowar zafin tanderu. A 1971 kamfanin Rival ya fito da ita da sunan Crock-Pot. Mu da lantarki bai wadace mu ba muna iya samun wannan dahuwar da kwando, ƙaiƙayi da tsohon bargo. Ba sabon abu ba ne: Turawa sun yi girki a akwatin ciyawa lokacin yaƙe-yaƙen duniya da makamashi ya yi tsada, kuma tun 2008 ake ɗinka jakar Wonderbag a Afirka ta Kudu don wannan aikin.

Haɗa kwandon

Ki samu babban kwando, ko tsohon daro, ko kwali mai ƙarfi, wanda in kin sa tukunyarki a ciki za a sami tazarar faɗin tafin hannu ta kowane gefe. Ki nemi ƙaiƙayin hatsi busasshe ƙarau. In babu, kowar wake, yankakkiyar ciyawa, auduga ko tsummokara duk suna yi. Kada ki zuba ƙaiƙayin haka nan tsirara, zai bi iska ya shiga abinci, ga ƙaiƙayin jiki. Ki ɗinka shi cikin tsohon zane na auduga, ki yi matasai uku: ɗaya na ƙasa, dogo ɗaya da zai zagaye jikin tukunya, da mai kauri ɗaya na sama, domin ta sama zafi ya fi gudu. Buhun leda ba ya wannan aikin, gindin tukunya zai narkar da shi. Aikin kwandon ɗaya ne da na kular tuwo, sai dai shi ana sa masa abinci yana tsakar tafasa, ya ƙarasa nuna a ciki.

Tukunya kuma ta zama mai kauri, mai murfin da ke zama daram. Tukunyar dalma ta maƙera ta fi dacewa. Ta ƙasa ma tana riƙe zafi ƙwarai, in dai an sami murfin da ya rufe bakinta ruf. Ki zaɓi wadda miyar za ta kusa cika ta, kamar kashi uku cikin huɗu. 'Yar miya a gindin ƙatuwar tukunya sanyi take yi kafin ta nuna.

Kayan haɗi

Don mutum shida zuwa takwas: wake rabin kilo, wato kimanin gwangwanin madara 3, nama mai ƙashi rabin kilo, na akuya ko na rago, in da ƙashin ɓargo ya fi, albasa manya 2, ko gabu cikin hannu, kauɗar tumatir cikin hannu, tattasai 3 ko garinsa cokali 2, barkono gwargwadon bakin gidanku, tafarnuwa, citta da masoro, daddawa, ta kalwa ko ta batso, kabewa yanka mai kyau ɗaya, man gyaɗa ludayi ɗaya, gishiri, ganyen zogale ko yakuwa, sai man shanu na ƙarshe. Ruwa lita 2 da rabi. Ranar da babu nama, ƙashi kawai ko 'yar banda sun isa su ba ta ƙamshi, kuma ko babu su miyar tana tsayawa da ƙafarta in daddawar mai kyau ce.

Wake da jiƙonsa

Ki baza waken a faifai ki tsince tsakuwa da wanda ƙwari suka huda, don wake ɗaya ke ɓata gari. In saye za ki yi, ki tambayi yadda aka adana shi. Na fi natsuwa da wanda ya fito daga buhun PICS mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue da masu binciken INRAN suka yaɗa a ƙasar nan tun daga 2007, domin rashin iska ne ke kashe ƙwarin cikinsa, ba a zuba masa guba. Waken da ke warin magani kuwa, ki bar wa mai shi kayansa.

Ki raba shi biyu. Rabi ki yayyafa masa ruwa ki surfa a turmi, ki wanke dusar ta fita tas. Ɗaya rabin ki bar shi da bayansa. Surfaffen shi zai narke ya ba miyar kauri, mai bawon kuma ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a sami abin taunawa. Wannan rabon shi ke bambanta miyar da ake sha da cokali a ƙoshi da wadda aka yi don tuwo kawai. In ta tuwo kike so zalla, surfe shi duka.

Ki rege, ki jiƙa. Da sanyin hunturu yana iya kwana a ruwa. Da bazara kada ya wuce awa 5 ko 6, a inuwa, in ba haka ba ya fara kumfa da tsami. Ki zubar da ruwan jiƙon ki ɗauraye, domin wani ɓangare na abin da ke kumbura ciki yana fita tare da shi. Sabon waken kaka ba ya buƙatar dogon jiƙo. Wanda ya shekara a rumbu shi ne mai taurin kai.

A kan wuta

Ki ɗora tukunya, ki zuba mai, ki soya naman har ya yi ja ta kowane gefe. Kada ki tsallake wannan, domin a kwando babu abin da zai ƙara soyuwa, duk ƙamshin da ba ki samo a nan ba ya wuce ki. Ki zuba albasa ɗaya da rabi ta yi laushi, sannan dakakkiyar daddawa, tafarnuwa, citta, masoro, tattasai da barkono, ki juya har ƙamshi ya tashi. Ki zuba ruwa, wake da kabewar da kika yanka manya-manya. Ruwan ya haura kan kayan da kamar yatsu biyu, kada ya wuce haka. Tukunyar da ke kan murhu tana zubar da ruwa ta tururi, ta cikin kwando kuwa abin da kika zuba shi za ki tarar.

Ki sa gishiri tun yanzu. Ana yawan cewa gishiri na hana wake nuna, amma abin da ke hana shi da gaske tsami ne. Saboda haka kauɗar tumatir, yakuwa da tsamiya su jira sai ƙarshe. Ki jiƙa kauɗar a gefe, ki daka ta, ki ajiye.

Maganar kanwa tana son a tsaya a kanta. Kanwa na sassauta abin da ke riƙe da ƙwayoyin wake, shi ya sa yake saurin laushi. Amma tana lalata bitamin B1 da ke cikinsa, tana dusashe launi, kuma gishiri ce mai nauyi ga mai hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata masu jego. Ban ce a kore ta daga madafa ba, miyar kuka da ɗanwake suna bukatarta. Amma a wannan girkin lokaci ne ke yin aikinta. In waken tsoho ne ƙwarai, ko ruwan rijiyarku mai nauyi ne wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, ki jiƙa 'yar kanwa da ba ta fi ƙwayar wake biyu ba, ki tsiyaye ruwan sama ki zuba, ki bar laka a ƙasa. In sabo ne, ko kusa kada ta zo.

Yanzu ki ƙara wuta ta tafasa. Ki kwashe kumfar da ta taso, ki rufe, ki bar ta tana ɓararraka minti 20 cif, a ƙirga daga lokacin da tafasar ta kankama. In akwai manyan ƙasusuwa, ki kai minti 30. A nan ne ba a yin rowar itace. Wannan tafasar ce ke kai zafi har tsakiyar nama, ita ce kuma ke kashe wani sinadari da ke cikin ɗanyen wake mai sa amai da gudawa. A waken gida ba shi da yawa, amma a jan waken nan mai siffar ƙoda da ake shigowa da shi daga waje yana da ƙarfi, kuma ɗumi-ɗumi ba ya karya shi.

Cikin kwando

Kwandon ya kasance a shirye kusa da murhu, a inda yara da awaki ba sa kaiwa. Kada ki buɗe murfi. Ki sauke tukunyar da tsumma, ki goge garwashi ko tartsatsin da ya manne a gindinta, domin ƙaiƙayi ba ya wasa da wuta. Ki naɗe ta da tsohon zane, ki zaunar da ita a kan matashin ƙasa, ki cusa na gefe, ki danne da na sama, ki lulluɓe da bargo. Duk wannan cikin minti ɗaya.

Sai ki tafi harkarki. Jiƙaƙƙen wake yana nuna cikin awa 3 zuwa 4, kuma ba ya kamawa, ba ya ƙauri, ba ya neman a juya shi. Wadda ta sa shi da hantsi kafin ta tafi roron wake ko ɗiban ruwa, za ta dawo da azahar ta tarar ya yi luguf. Da azumi a sa shi bayan azahar, a buɗe gab da magariba. Abin da ke ɓata aikin ɗaya ne: leƙe. Duk buɗewa ɗaya zafi ne ya tafi wanda ba mai mayar da shi.

Kada ya wuce awa 6 a ciki. In kin buɗe, tururi ya kamata ya bugi fuskarki, tukunyar kuma ta gagari taɓawa da hannu. Abinci na cikin aminci muddin zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 60 ba; ƙasa da haka ƙwayoyin cuta ke samun wurin hayayyafa. In kin tarar da ita ɗumi-ɗumi, kwandonki bai yi kauri ba, ki ƙara masa ƙaiƙayi a gaba. In har ta yi sanyi tana warin tsami, kada ki ba kowa.

Mai tukunyar lantarki

Wanda ke Damagaram ko cikin garin Tanut, ko yake da sola mai batir, yana iya amfani da ta lantarkin, wutar da take ja ba ta kai ta dutsen guga ba. Suya da tafasar farko dai a kan murhu ko gas za a yi su, aƙalla minti 10, sannan a juye. A ƙaramin maki awa 6 zuwa 8, a babba awa 3 zuwa 4. In wuta ta ɗauke ta kai awa 2, a mayar da miyar kan murhu. A duba gindinta kafin a saya, musamman ta gwanjo: wadda aka yi wa Amurka ta wuta 110 zuwa 120 ce, tamu 220 ce, da an jona ta ƙone. Kuma kada a zuba ruwan sanyi a kaskonta yana da zafi, tsagewa yake.

Ƙarasawa

Ki mayar da tukunyar kan wuta, 'yan karare kaɗan sun isa. Ki tsame naman, ki sa maburgi ki burga sau da yawa har surfaffen waken da kabewar su haɗe, amma kada ki murƙushe masu bawon duka. Yanzu ne lokacin kauɗar tumatir da ganye. Zogale ya fi dacewa da masu son miya mai laushin ɗanɗano. Yakuwa kuwa ɗan tsaminta na yanke nauyin wake, ni ita na fi so ranar da aka sa nama mai kitse. Ki mayar da naman, ta tafasa minti 10, kina juyawa har ƙasa, don yanzu da ta yi kauri tana iya kamawa. In ta yi tsululu ki bar ta a buɗe. In ta cika kauri ki ƙara tafasasshen ruwa. Ki ɗanɗana gishiri.

A ƙaramin kasko ki narka man shanu, ki soya ragowar rabin albasar har ta yi ruwan zuma, ki kwarara a kai lokacin zubawa. Ana shan ta haka nan da cokali da ɗan yaji, ana ci da burodi ko masa, tana kuma hawa tuwon hatsi. Yaron da ya wuce wata shida ana iya ɗibar masa surfaffen a murje shi sumul, sai dai a rage barkono a tukunyar, manya su ƙara yaji a kwanonsu.

Abin da ya rage ki tafasa shi sosai da dare, ki rufe, kada cokalin da aka kai baki ya koma ciki, da asuba ki sake tafasawa kafin a ci. Miyar wake ba ta jure zafin rana, kada ki bar ta ta kai wata azahar. Kada kuma ki mayar da ragowar da ta huce cikin kwando, ɗumin da zai ba ta shi ne zai lalata ta. Matasan ki shanya su a rana bayan kowane girki, domin tururi na jiƙa su, jiƙaƙƙen ƙaiƙayi kuwa ba ya riƙe zafi, ga fumfuna. In sun kwanta sun yi falan-falan, ki farke ɗinkin ki cika su da sabo lokacin sussuka.