Na'urar Da Ke Tona Asirin Wake

Manoma da 'yan kasuwar Kongolam da sauran ƙasar Daura, yau darasinmu a kan wake ne, da yadda masana ke gane abin da ke cikinsa.

A shekarar 1952 wasu Turawa biyu, James da Martin, suka ƙago wata dabara a London ta rarrabe sinadarai masu tsami da ke cikin mai. Daga baya aka haɗa ta da na'urar da ke auna nauyin ƙwayar sinadari.

Ga yadda ake yi. Sai a niƙa wake, a tatso ruwansa, a ɗiga kaɗan cikin na'ura. Zafi ya mai da shi tururi, iska ta kora shi cikin siririn bututu mai tsawon kamar mita 30. Kamar dai ayarin fatake ne: tare ake tashi, amma kowa da lokacin saukarsa. Duk sinadarin da ya fito, na'ura ta biyu ta farfasa shi, ta auna gutsattsarinsa, ta gane shi kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa.

Da haka ake auna sinadaran amino, watau tubalan gina jiki, iri 20. Su sai an gauraya su da wani magani kafin su yi tururi. Ɗaya daga cikinsu, laisin, yana da yawa a wake amma kaɗan ne a gero da dawa. Shi ya sa haɗa su yake da amfani ga yara.

To, amma na'urar ba ta rufa wa kowa asiri. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya, don an sami gubar dikulobos a ciki, irin ta fiya-fiya. Abin da dokarsu ta yarda da shi bai wuce giram ɗaya cikin buhu dubu ba. Waken da Bature ya ƙi kuwa, shi iyalinmu ke ci.

Saboda haka kada a zuba guba a buhu. A shanya wake ya bushe sosai, a zuba cikin buhun PICS mai riga uku, a ɗaure kowace riga dabam, a jiye inda ɓera ba zai huda ba. Rashin iska kaɗai ya isa ya kashe ƙwari.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.